Fentin Wajen Gida: Daga Bango Aikin Yake Farawa

Fentin da ake shafa wa bangon waje wata siririyar fata ce wadda kaurinta, idan ta bushe, bai fi na takardar rubutu ba. Duk da haka ita ce ke tsakanin filasta da zafin rana, da ruwan sama, da ƙura. Ado ne a ido, amma babban aikinsa shi ne hana ruwa shiga jikin gini. Wannan ne ya sa lalacewar fenti da wuri ta wuce batun kyau: bangon da fentinsa ya ɗaye bango ne da ya fara shan ruwa. Kuma a mafi yawan gidajen da fenti ke zubewa kafin shekara biyu, ba a cikin bokiti matsalar ta fara ba. Ta fara ne a jikin bangon, ko a ranar da aka zaɓa don yin aikin.

Yanayin ƙasar Hausa ba ya raga wa bango. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, kuma bangon da rana ke duka ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Sai damina ta zo da ruwa mai haɗe da iska, wanda ke dukan gini a kaikaice. Bayan ta kuma hunturu ya biyo da ƙura da bushewar da ke tsaga leɓe. Hadari a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne ke fara nuna gajiya a kusan kowane gida. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin haka. Sukan ba wa bangon gabas kulawa ta musamman, su shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kayan aiki sun canza, siminti da bulo sun maye gurbin tubali, amma hadarin har yanzu daga gabas yake zuwa.

Kowane fenti haɗi ne na abubuwa huɗu. Akwai garin launi, wanda ke ba da kala yana kuma rufe abin da ke ƙasa. A farin fenti mai kyau wani sinadari ne da ake kira titaniyam dayoksaid. Akwai danƙo, wanda ke riƙe garin yana manna shi a bango. Akwai abin da ke sa haɗin ya zama ruwa-ruwa don ya shafu, ko dai ruwa ko kuma mai narkarwa irin su tina. Sai 'yan ƙananan magunguna, kamar na hana gansakuka da na hana fentin ruɓewa a bokiti. A cikin huɗun nan danƙo ne ke yanke hukuncin tsawon ran fenti, kuma yana cikin masu tsada. Mai haɗa fentin araha yakan rage danƙo ya cika bokiti da garin alli da ruwa. A ranar farko ba a gane bambanci. Bayan damina ɗaya sai a ga duk wanda ya jingina da bangon ya tashi da fari a bayan riga. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma da wuya a sami inda maganar ta zauna daram kamar a nan.

A kasuwa, fentin bango da aka fi saye shi ne na ruwa, wanda masu sana'ar ke kira imalshan. Iri biyu ne, na ciki da na waje, kuma ba ɗaya ba ne ko da kalarsu ta zo ɗaya. Na waje yana da danƙon akirilik mai jure rana, yana kuma ɗan miƙewa idan bango ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi. Kuskuren da aka fi yawan yi shi ne a sayi imalshan na ɗaki a shafa a katanga saboda sauƙin farashi. Sai fentin mai, mai sheƙi, wanda wurinsa ƙarfe ne da katako. Sai kuma mai ƙurji-ƙurji da aka fi sani da Texcote, sunan da ya samo asali daga samfurin kamfanin Berger ya kuma zama sunan duk wani irinsa a bakin jama'a. Yana ɓoye karkacewar filasta, yana da kauri, amma yana da aibi a ƙasar ƙura: ramukan jikinsa na tara jar ƙasa, har farin gida ya koma ruwan ƙasa cikin hunturu biyu. A gidan da ke bakin hanyar da ba ta da kwalta, fenti mai santsi ya fi sauƙin wankewa.

Kafin a yi maganar kala, dole a yi maganar ruwa, domin shi ne babban abokin gabar fenti, musamman ruwan da ke ɓullowa daga cikin bangon kansa. Fenti na iya jure ruwan da ke dukansa ta gaba. Wanda ke turo shi ta baya kuwa ba ya da maganinsa. Idan rana ta buɗe, danshin da ke cikin filasta yakan nemi hanyar fita, sai ya tura fatar fentin ta kumbura kamar ƙunar wuta. Wani lokaci idan aka huda ƙurjin da farce har ɗan ruwa ne zai gangaro. Hanyoyin shigar ruwan sanannu ne. Indararo ya toshe ko ya gajarta yana zuba a jikin gini. Bututun banɗaki yana tsiyaya a cikin bango ba a sani ba. Tankin sama yana ambaliya duk lokacin da aka tayar da injin. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga wuri ɗaya wata da watanni. A gidajen zamani da ake ɓoye kwano a bayan doguwar katanga, saman katangar kansa ƙofa ce idan ba a yi masa murfin siminti mai gangara ba, kuma magudanar da ke ɓoye tana cika da ganye da leda ba tare da kowa ya gani ba.

Akwai kuma danshin da ke hawowa daga ƙasa. Bulo da filasta suna da ƙananan ƙofofi da ke zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir, har ya hau kusan mita ɗaya a jikin bango. Ruwan na tafe da gishirin ƙasa. Idan ya bushe sai gishirin ya zauna, ya yi fari-fari kamar kanwa, yana cin filasta yana ɓarke fenti. Duk wanda ya bi lungunan unguwannin da ke kusa da kududdufi ya ga wannan layin da ke zagaye gidaje daidai gwiwa. Maganinsa na asali ana yin sa ne tun lokacin gini, da shimfiɗar hana ruwa da magina ke kira DPC a saman fandisho. Inda ba a yi ba, abin da ya rage shi ne a nesanta ruwa daga gindin bango: a yi daɓe mai gangara zagaye da gida, a gyara kwata, a ɗauke fulawoyin da ake ba wa ruwa kullum a jikin gini, a kuma duba ko sokawe na yoyo. Gishirin da ya fito ana kankare shi a bushe da buroshi mai tauri. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne, zai sake fitowa.

Gwada danshin bango ba ya buƙatar na'ura. A yanki farar leda mai faɗin kamu biyu, a manna ta a bango da salatif ta ko'ina yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta ta kwana. Da safe a ɗaga. Idan cikinta ya yi gumi, ko filastar da ke ƙarƙashinta ta fi ta gefe duhu, bangon bai shirya karɓar fenti ba. Ya kamata a yi gwajin a wuri fiye da ɗaya, musamman ƙasa-ƙasa da kuma bangon da ke jikin banɗaki da kicin.

Sabon gini yana da tasa matsalar. Siminti na ɗaukar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma sabuwar filasta tana da kaifi irin na ruwan toka. Wannan kaifin yana cin fenti. Duk wadda ta taɓa haɗa sabulun salo ta san abin da ke faruwa idan ruwan toka ya haɗu da mai: sabulu ake samu. Haka ɗin ne ke faruwa idan aka shafa fentin mai a kan ɗanyar filasta. Fentin yakan yi laushi, ya yi danƙo-danƙo, ya saki bango. Imalshan ya fi jurewa, amma shi ma kalarsa kan yi dabbare-dabbare. Ƙa'idar da masana'antun fenti suka fi bayarwa ita ce a jira aƙalla mako huɗu bayan filasta, in da damina ne a ƙara. Mai gidan da ya shafe shekara biyar yana tara kuɗin gini bai kamata mako huɗu ya gagare shi ba.

Daga nan sai gyaran jikin bango. Tsaga iri biyu ce. Akwai sirara kamar gashi da ke bazuwa a fuskar filasta, galibi saboda ta bushe da sauri ba a yi mata ban ruwa ba. Waɗannan ana cike su. Akwai kuma babba mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, wadda ke nuna ƙasa na motsi a ƙarƙashin gini. Irin wannan a sa alama da fensir a ƙarshenta, a dawo bayan wata guda. In ta wuce alamar, aikin injiniya ne, fenti ba zai yi mata komai ba sai ɓoye ta. Tsagar da za a cike ana fara buɗe ta kaɗan da kurfi, a share ƙurar, a jiƙa, sannan a cusa siminti ko abin cikewa har ciki. Shafa shi a baki kawai ba ya kai wata shida. Yana da kyau kuma a bi bango ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bulo, sai a fasa a sake, a kuma ba wa facin lokacinsa na bushewa.

Tsohon fenti yana da sauƙin tantancewa. A goga tafin hannu a bango. Idan ya fito da gari kamar an taɓa allo, danƙon ya mutu, kuma duk abin da aka shafa a kai garin zai kama ba bango ba. Sai a wanke da buroshi da ruwa har garin ya daina fita, a kankare duk inda ya ɗaye da abin kankara, a goge bakin wurin da samfefa don kada tudu ya fito. Ƙurar hunturu da ke maƙale a jikin gini ita ma dole ta sauka. Inda gansakuka ta yi kore ko baƙi, a ƙarƙashin indararo ko bayan tanki, ana kashe ta da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku ko huɗu, a bar shi ɗan lokaci sannan a ɗauraye sosai. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanki ko asid, domin iskar da ke tashi tana da guba. Bayan wanki a ba wa bango kwana ɗaya ko biyu na rana. Wannan sashe na aikin shi ne mafi wahala da cin lokaci, shi ne kuma wanda ba a gani idan an gama, don haka shi ake fara yankewa idan ana son a gama da wuri. A gidan da aka yi wa aiki na gaskiya, kwanakin shiri sukan fi kwanakin shafa fenti yawa.

Yayin sikiridin, wato shafe bango da wani ƙulli don ya yi sumul kafin fenti, ya fito daga ɗakuna ya koma waje, kuma a nan ana yawan yin ɓarna. Haɗin da aka yi da garin POP ba ya shiri da ruwa. A waje yakan sha danshi ya kumbura ya zubo da fentin gaba ɗaya, falle-falle. Idan har za a yi sikiridin a bangon waje, to ya zama da haɗin siminti ko wanda aka rubuta a buhunsa cewa na waje ne, kuma siriri. Bayan shi sai firaima, shafin farko da ke toshe ƙofofin filasta don kada ta shanye fenti, yana kuma tare kaifin siminti. A sabon bango a nemi firaima mai jure kaifin siminti. A tsohon bango mai sakin gari a nemi mai ratsawa ciki ya ɗaure garin. Kuɗin firaima yakan dawo, domin bangon da ya sha shi ba ya cin fenti mai tsada da yawa.

Lokacin aiki yana da nauyi kamar kayan aiki. Imalshan yana bushewa ne ta hanyar ficewar ruwan cikinsa a hankali, yayin da ƙwayoyin danƙo ke matsowa su manne da juna su zama fata ɗaya. Idan ruwan ya gudu da sauri, ƙwayoyin ba sa samun damar haɗewa, sai fatar ta zo da rauni. Idan kuma iska ta cika danshi, ko aka yi ruwa kafin ya kama, sai ya zubo yana jan layi. Masana'antu da yawa suna rubuta cewa a yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35. A ƙasar Hausa danshi ya fitar da tsakiyar damina, musamman Agusta, zafi kuma ya sa tsakar ranar bazara cikin lokutan da ba su dace ba. Ranakun hazo ma ba su da kyau, domin ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna a ciki har abada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya sha rana ya bushe, hazo kuma bai yi ƙarfi ba. Wasu ranakun Fabrairu da sararin sama ya washe su ma suna yi.

A cikin yini kuma, ƙwararren mai fenti inuwa yake bi. Da safe yana bangon yamma, bayan azahar ya koma na gabas. Idan aka ɗora tafin hannu a bango aka kasa barinsa don zafi, fenti ma ba zai zauna lafiya ba. Abin da ke karya duk waɗannan ƙa'idoji shi ne gaggawar Sallah da ta biki. Kowa yana son gidansa ya yi fes kafin ranar Idi ko kafin a kawo amarya, sai a kira mai fenti saura kwana uku. Sallah kuwa tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, wani lokaci ta faɗo tsakiyar ruwa, wani lokaci tsakiyar zafi. Gidan da za a yi wa fenti don wani sha'ani ya kamata a fara aikinsa wata guda ko biyu kafin ranar.

Lissafin yawan fenti abu ne da mai gida zai iya yi da kansa. Misali, gida mai tsawon mita 15 da faɗin mita 12 yana da kewayen mita 54. Idan tsayin bango mita 3 ne, faɗin fuskar da za a shafa murabba'in mita 162 ke nan. A cire kimanin 20 na ƙofofi da tagogi, saura 142. Shafi biyu ake yi, don haka 284. Imalshan mai kyau a bango mai santsi yakan rufe kimanin murabba'in mita 10 da lita ɗaya, wato ana buƙatar kusan lita 28, bokiti ɗaya da rabi na mai lita 20. Bango mai kaushi ya fi haka ci, mai ƙurji kuma ya ninka sau da yawa. Adadin da kowane fenti ke rufewa yana rubuce a jikin bokitinsa, kuma da shi ya kamata a yi lissafi. A saya da ɗan rara, a ajiye galan ɗaya a rufe don faci.

Wajen saye a yi hattara da jabu. Akwai masu tara tsofaffin bokitai na sanannun kamfanoni su cika su da haɗin gida. A duba murfi ko an taɓa ɓalle shi, a duba lambar rukunin da aka haɗa fentin da ranar yinsa, da tambarin MANCAP na hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, a kuma karɓi rasit. Fenti mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya lalace. Ko a kamfani ɗaya kala kan ɗan bambanta daga rukuni zuwa rukuni, don haka a juye bokitai cikin babban mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara. Kada kuma a yanke hukuncin kala daga ɗan katin da ke shago. A shafa faɗin mita ɗaya a bangon gidan, a kalle shi da safe, da tsakar rana, da la'asar.

Batun tsarma fenti da ruwa shi ne inda mai gida da mai fenti suka fi saɓawa. Ana iya ƙara ruwa kaɗan, musamman a shafin farko, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Abin da ya wuce haka raba danƙo ne. Bokiti ɗaya da aka mayar biyu zai rufe bango, amma fatar da zai bari ba ta da kaurin da za ta tare ruwa. Yadda ake yin jinga yana da hannu a wannan. Idan aka ba wa mutum kuɗin kaya da na aiki a dunƙule, aka kuma matse shi a ciniki har ba riba, to daga bokiti zai fitar da ribarsa. Ya fi adalci mai gida ya sayi kaya da kansa, ya biya ladan aiki mai kyau, a kuma yi magana tun farko a kan wanki, da cike tsaga, da firaima, da yawan shafi. Mai fentin da ya zo ya zagaya gida yana taɓa bango yana tambayar ina ruwa ke bi, ya fi wanda ya faɗi farashi daga bakin ƙofa.

Shafawar kanta ba ta da wani sirri mai yawa. Daga sama ake farawa a sauko. Ana bin kusurwoyi da gefen tagogi da buroshi, sannan a bi fili da rola mai gashin da ya dace da kaushin bangon. A gama bango guda daga kusurwa zuwa kusurwa ba tare da tsayawa a tsakiya ba, domin inda ɗanye ya hau kan busasshe layi yakan fito. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Tsakaninsu a jira, imalshan kamar awa huɗu, fentin mai kuwa sai ya kwana.

Kala zaɓin mai gida ce, amma rana tana da nata ra'ayin. Fari da kaloli masu haske suna mayar da mafi yawan hasken rana, masu duhu suna shanye shi su zama zafi, zafin kuma ya ratsa bulo ya shiga ɗaki da dare. A garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, yayin shafa wa gida baƙi-baƙi ko ruwan toka mai duhu yana da tsada a jikin mazauna ciki. Bango mai duhu kuma ya fi buɗewa da tsukewa, ya fi saurin tsagewa. A ɗaya ɓangaren, fari tas ba ya ɓoye jar ƙura. Ruwan madara, da ruwan ƙasa mai haske, da ruwan yashi su ne suka fi dacewa da yanayin, kuma kalolin da aka yi da garin tsatsar ƙarfe suna cikin waɗanda rana ba ta saurin kodar da su, saɓanin ja mai walƙiya da ruwan hoda. Tsohuwar dabarar yi wa gindin bango ɗamara mai duhu, kamar kamu uku daga ƙasa, tana da hikima, domin nan ne ruwan sama ke fantsamo taɓo.

Get da ƙarafan taga suna buƙatar a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, a shafa jan firaima na hana tsatsa, sannan fentin mai. In ba haka ba, ruwan tsatsa zai riƙa gangarowa yana ɓata sabon bango. A nan ne kuma ake buƙatar taka-tsantsan da gubar dalma. An daɗe ana sa dalma a fentin mai, musamman rawaya da ja, don kala da saurin bushewa. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, kuma iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Arewacin Najeriya ya ga abin da wannan guba ke yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar fenti ba ta kisa da irin wannan saurin, amma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Don haka ba a goge tsohon fentin mai a bushe, ba a ƙona shi da wuta. A jiƙa shi, a shimfiɗa leda a ƙasa don tara ɓarɓashi, a nisantar da yara da masu juna biyu har a share wurin.

Haɗarin da ya fi kusa da mai fenti shi ne faɗuwa da wutar lantarki. Ƙafar tsani tana nesa da bango da mita ɗaya a duk tsayin mita huɗu, a kan ƙasa mai tauri, wani yana riƙe da shi. Gidan bene yana buƙatar dandamalin ƙarfe ko na katako da aka ɗaure sosai. Wayar da ta taso daga turke zuwa gida tana wucewa daidai inda ake aiki, kuma rashin wuta a yanzu ba ya nufin ba za a kawo ta nan da minti ɗaya ba. Sandar rola ta ƙarfe ko jiƙaƙƙen tsani sun isa su jawo ajali. Tsarma fenti da fetur, da wanke hannu da shi, al'ada ce da ya kamata a bari. Bokitin fenti kuma ba ya zama mazubin ruwan sha ko na abinci.

Gidan ƙasa yana da hukunci na daban. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, kuma da haka yake rayuwa. Idan aka rufe shi da fentin mai ko wani mai toshe iska, danshin ya rasa mafita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye har wata rana ɓangare guda ya zube. Filastar siminti ma ba ta cika riƙe ƙasa ba, sau da yawa tana rabuwa ta bar rami a baya. Abin da ya dace da irin wannan bango shi ne yaɓe na kowace shekara ko biyu, da makuba, da farar ƙasa wadda ke barin bango ya yi numfashi. Zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram ya kai wannan zamani ne saboda irin wannan kulawa ta kai-a-kai.

Bayan an gama, fenti yakan ɗauki makonni kafin ya yi tauri sosai, don haka ba a dirje shi a watan farko. Daga nan abin da yake buƙata kaɗan ne: a ɗauraye ƙura bayan hunturu, a share indararo da magudanar rufi kafin ruwan farko, a cike duk tsagar da ta fito tun tana ƙarama. Fentin waje mai kyau a bangon da aka shirya sosai yana iya kai shekara biyar ko fiye. Duk mai shirin yi wa gidansa fenti a bana, ya fara zagaya shi a ranar da ake ruwa, ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwana, ya gyara waɗannan wuraren kafin ya nufi kasuwa.